Sanda Biyu da Ledojin Acha

Har yau idan talabijin ta fara nuna mutanen nan masu zamiya a kan ƙanƙara, tashi nake in bar falon. Ba na iya kallonsu. Mutum da hankalinsa da gemunsa ya ɗaura katako a ƙafa ya hau dutse, ya gangaro, ya sake hawa, majina ta daskare masa a gashin baki, daga ƙarshe ya zube ƙasa yana haki, wai shi ya ci gasa. Su suka shigo min gida suka dagula min zama, kuma ko sanin ina duniya ba su yi ba.

A Highbridge muke, cikin Bronx, hawa na huɗu, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Malam nake ce masa. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, shi kuma yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Sai wanda ya san mu tun farko ne zai gane abin da bas ɗin nan take nufi a wurinsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan tasi, yana shan zagin fasinja, yana wanke aman mashaya, bayansa ya ƙage har ruku'u yana gagararsa. Ranar da aka ɗauke shi aikin bas, a tsakiyar falo ya yi sujada da takalmi a ƙafarsa. Aiki ne mai lokaci, ya kai yara da safe, ya huta da rana, ya ɗauko su da yamma, magariba ta same shi a gida. Amma akwai takardar likita da ake sabuntawa, in babu ita babu tuƙi.

A farkon shekarar likita ya ce masa sukarinsa ya hau, ƙwayoyin da yake sha sun daina riƙe shi. Ya ba shi wata uku. In ya sauka, to. In bai sauka ba, allura zai koma. A wancan lokacin kuwa direban babbar mota da ya koma allurar sukari, samun takardar nan sai an sha wuya, a wurin aikinsu ma ce masa aka yi kada ya sa rai. Ya gaya min duk wannan, ba zan ce bai gaya min ba. Ina yanka albasa na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da yankana. A raina cewa na yi, wane gida ne babu mai sukari? Mutum ya daina zuba shi a shayi, ya ci gaba da rayuwarsa. Shi ma abin da ya yi ke nan a makonnin farko, ya cire sukari a shayi yana ta ajiyar zuciya.

Sai watan Fabrairu ya zo da hutun makarantu na mako guda, ya haɗu da gasar wasannin ƙanƙara ta duniya, ga sanyi ya hana kowa fita. Malam ya samu kujera ya dasa kansa. Mutumin da ko ƙwallo ba ya kallo, sai ga shi ya san wanda ke gaba da wanda ke baya. Wata rana bayan azahar ya ƙwala min kira daga falo.

"Zo ki ga 'yan ƙasarmu."

Na leƙo da muciya a hannu. Wasu 'yan mata ne baƙaƙe suke tura wani abu mai kama da kwalekwale a kan ƙanƙara, suka faɗa ciki ya gudu da su. Na ce to, iyayensu sun huta, na juya. Ya ce in tsaya. Aka sauya zuwa wasu maza masu sanda biyu biyu, suna hawan tudu, suna dogara sandunan, tururi na fita daga bakinsu. Ya nuna wani mai furfura a gemu.

"Dubi wancan, wallahi ya kusa sa'ana. Kin ga ciki a jikinsa?" Ya daki tumbinsa da tafin hannu. "Ni benen gidan nan ma sai na tsaya sau biyu."

"Malam, waɗannan biyan su ake yi. Kai wa zai biya ka?"

"Bas ɗina ce za ta biya ni."

Washegari ya fita ya dawo da irin sandunan nan guda biyu, daga wani shagon gwanjo, ɗaya ma ta ɗan lanƙwashe. Na tambaye shi ina ƙanƙarar da zai hau. Ya ja ni taga ya nuna min matakala. Unguwarmu kan tudu take, akwai wuraren da titi ke ƙarewa sai matakalar siminti doguwa ta haɗa shi da na sama. Ɗaya daga cikinsu tana daidai tagar kicin ɗina, kuma ta nan duk matan unguwa ke bi su sauka tashar jirgin ƙasa, ta nan ake bi a je masallaci. Ya ce ya ƙirga, taki ɗari da goma sha biyu ne. Duk faɗin New York bai ga inda zai yi abin kunyarsa ba sai nan.

Haka ya fara. Da ya ajiye yara da safe sai ya dawo, ya sa wani wando mai kama jiki, ya ɗora jallabiya, ya ɗora jaket, ya kafa hular sanyi, ya kwashi sandunansa. Ya hau, ya sauko, ya hau, ƙarar sandunan a kan siminti har kicin nake jin ta. Dattijon da ake ba wa sahun gaba a masallaci, ga shi nan yana haki a gaban matan mutane, suna raɓewa da kekunan jarirai suna gaishe shi, shi kuma ba shi da numfashin amsawa sai ɗaga sanda. Ranar da nake gida rufe labule nake yi.

Bayan sanduna sai acha. Wani a masallaci ya gaya masa acha ce abincin mai sukari, ya je Fordham Road shagon da muke sayen kayan miya ya kwaso leda goma. Ya jera su a kan tebur ya kafa min doka: babu tuwon shinkafa, babu semo, malmala ɗaya ta acha, miya kuma a nuna mata mai daga nesa. Na ce yara fa? Ya ce su ci abin da suka saba, shi kaɗai za a tuƙa wa. Wato in dawo daga wanke tsohuwar mutane in ɗora tukunya biyu. Na yi, Allah ne shaida. Mako uku cur ina tuƙa masa acha zalla, babu algus.

Kuma abin ya kama shi. Kowace safiya zai huda yatsa ya ɗiga jini a 'yar na'urarsa, ya miƙo min ita har gaban hanci yana cewa kin gani? Ni kuwa ba na'ura nake kallo ba, wuyansa nake kallo. Maƙogwaro ya fito, kumatu suka zube, kaftanin da na aika aka ɗinko masa daga Kano ya koma kamar na aro. Shi yana murna, ni gabana yana faɗuwa, don na san mutanenmu.

Mai shagon ce ta fara. 'Yar zangon Kumasi ce, mace mai faɗi, bakinta ba ya hutawa, shagonta kuma nan ne majalisar matan Bronx. Ina zaɓen daddawa ta dube ni ta saman tabarau, gaban mata uku.

"Hajiya, lafiya maigida kuwa? Jiya na gan shi, sai da na sake dubawa."

"Lafiya lau. Motsa jiki yake yi."

"To. Ai mun gani, da sanda biyu." Ta kalli sauran, suka sunkuyar da kai. "Aiki ya yi yawa ko? Haka ƙasar nan take, mace ta fita tun safe, namiji sai ya ci abin da ya samu."

Na biya kuɗina na fito, kunnuwana suna zafi cikin wannan sanyin. A wurinmu idan namiji mai iyali ya rame, babu mai tambayar likitansa. Matarsa ake kallo. Ko ba ta iya girki ba, ko ba ta ba shi kwanciyar hankali, ko ta fi ƙarfinsa. Ƙibar miji ita ce shaidar mace, da ita aka san tana riƙe da gidanta. Shekara goma sha shida ina gina tumbin nan da hannuna, mutum ya zo yana rushe shi a bainar jama'a saboda ya ga Turawa a talabijin.

Na mai shago mai sauƙi ne. Ranar Juma'a Malam ya kira mahaifiyarsa a Kano ta bidiyo, kamar yadda ya saba. Hajiya ta ce ya matso da fuskarsa. Ya matso. Sannan ta ce ya ba ni wayar.

"'Yar nan, neman dala ne ya hana ki shiga kicin?"

"Hajiya, likita ne ya ce..."

"Ni na haife shi, na san wuyansa. Sukari a gidanmu ya tsufa, mahaifinsa da shi ya rayu, bai taɓa komawa haka ba. Da ƙibarsa na damƙa miki shi. In ba za ki iya ba ki faɗa, akwai masu iyawa."

Malam yana gefe yana dariya, yana cewa Hajiya ba haka ba ne, wasa ne na motsa jiki. Dariya! Ko sauraronsa ba ta yi ba. Kafin Lahadi hotonsa ya zagaye dangi, an ajiye shi kusa da wani tsohon hoto na sallar bara. Sai ga kiran mahaifiyata, muryarta ƙasa ƙasa, tana cewa me nake ji haka, ba haka na tarbiyyantar da ke ba. Wannan shi ya fi ƙona ni. Na shiga banɗaki a gidan tsohuwar da nake kula da ita na yi kukana, na wanke fuska na fito na ba ta magani.

Da yamma na tare shi yana shafa wa takalminsa mai.

"Malam, sunana kake ɓatawa."

"Da me?"

"Da tsallen birin da kake yi a matakala. Ka ci abinci kamar kowane magidanci."

"Mata su ce abin da za su ce. Ke sunanki kike ji, ni idona da ƙafata da aikina nake ji."

"Ai ba kai ake nunawa da baki ba. To ka kira Hajiya ka yi mata bayani yadda za ta gane."

"Ƙyale Hajiya, tsufa ne."

Ya ci gaba da goge takalmi. A nan na yanke shawara. Tunda shi ba zai tsare min mutunci ba, ni zan tsare abina, kuma a kicin, inda babu mai yi min iko.

Garin shinkafa na fara haɗawa da achar, kashi ɗaya cikin uku. Bai gane ba. Na mayar rabi da rabi, daga baya shinkafar ta rinjaya, sai in barbaɗa garin alkama don launin ya yi duhu. Malmalar da ya ce ɗaya na bar ta ɗaya, amma kullum tana ƙara girma. Man shanu kuwa a ƙasan kwano nake zuba shi in rufe da miyar kuka. Kunun gyaɗan da yake tafiya da shi aiki na dinga daka dabino a ciki, in cika citta da kanumfari yajin ya danne zaƙin. Da yake mutum ne mai ƙirga komai, duk bayan 'yan kwanaki sai in ɗauke leda ɗaya ta acha daga inda ya jera su, in hau kujera in tura ta can saman kabad, bayan manyan tukwanen da ba a saukewa sai ranar suna.

Ina gaya wa kaina cewa ai gwangwanin sukari ban taɓa shi ba, shinkafa kuma ba ta da zaƙi, dabino ma magani ne. Ƙarya nake wa kaina. Aikina ke nan, na ga abin da nas take hana tsofaffina masu sukari ci, da hannuna nake auna musu shinkafa da ɗan ƙaramin kofi. Na sani sarai, na dai ajiye sanin a gefe don haushi ya fi shi ƙarfi.

Na'ura ta fara ba shi labarin da ba ya so. Ya huda yatsa ya zuba mata ido, ya girgiza ta, ya sake huda wani yatsan. Ya canza batir. Ya sayo sabuwa, ita ma ta faɗi abin da tsohuwar ta faɗa. Bai taɓa kallon kwanon tuwo da zargi ba, ko sau ɗaya. Kansa ya zarga. Ya ce mutanen nan na talabijin shekara huɗu suke shiri, shi yana hawa matakala sau biyar yana jiran abin mamaki. Ya mayar da shi bakwai, ya mayar goma. An gama gasar tuni, kowa ya koma ƙasarsu da lambarsa, an bar min nawa yana ƙwanƙwasa siminti. Gwiwoyinsa suka kumbura. Bayan magariba zai miƙe ƙafa a kan kujera, ni kuma in ɗauko man zafi in zauna ina murza masa, ina mita, ina cewa wa ya aike ka.

Wata safiya a watan Maris, dusar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, santsi ya kwashe shi a tsakiyar matakalar. Ya shigo yana ɗingishi, ƙwaurinsa ya fashe, jini har cikin safa. Na san abin da ciwo a ƙafa yake nufi ga mai sukari, na ga tsofaffin da aka yanke wa yatsu. Na wanke masa, bakina kuma bai tsaya ba, na zagi sandunan, na zagi talabijin, na zagi wanda ya ƙirƙiro wasan. Ranar kam acha zalla na tuƙa, washegari ma haka. Na ce na daina.

Sai Juma'a ta zagayo. Hajiya ta ce ya matso da fuska, ta duba, ta ce a ba ni wayar.

"Yauwa 'yar nan, kumatu sun fara dawowa. Haka nake so. Allah ya yi miki albarka."

Wallahi daɗi na ji, har cikin raina. Shekara goma sha shida matar nan ba ta taɓa sa min albarka da baki buɗe haka ba. Ranar Asabar na koma shagon Fordham na sayo garin shinkafa babbar leda, mai shagon tana ce min maigida ya fara murmurewa, ni kuma ina amsawa da alhamdulillahi.

A watan Afrilu ya je aka ɗebi jininsa, bayan kwana biyu ya koma jin sakamako. Ina gida ranar. Da la'asar na ji mukullinsa a ƙofa, ya shigo da 'yar jakar takarda ta kantin magani. Ya buɗe firji, ya ajiye wani ɗan kwali a jikin ƙofa kusa da ƙwai. Ya ɗauki sandunan ya jingine su bayan ƙofar ɗaki, ya zauna.

"Allura ce," ya ce. "Na biya ta wurin aiki na gaya musu. Sun ce in zauna a gida tukuna."

Ya ci gaba, kansa a sunkuye.

"Likitan ya tambaye ni me nake ci. Na ce acha, matata ce ke tuƙa min da hannunta kullum. Ya ce wani jikin haka yake, ko me aka yi ba ya ji." Ya ɗago ya dube ni. "Ke kam kin yi ƙoƙari. Ga aiki ga tukunya biyu. Allah ya saka miki."

A nan ya kamata in faɗa masa.  Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai na gaya maka wahalar banza kake yi." Na shige kicin na buɗe famfo don kada in ji abin da zai ce.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara famfon banɗaki, ya ɗaure ƙafar kujera, ya bi duk abin da na shekara ina mita a kai. Cikinsu har da murfin kabad na sama da ya saki. Ni na manta da shi gaba ɗaya. Ranar Talata na dawo daga aiki, yara ba su dawo daga islamiyya ba, na tarar da manyan tukwanena a ƙasa, kujera a gaban kabad. A kan tebur ga ledojin acha guda shida a jere, ko ɓula ba a yi musu ba, ƙura a jikinsu. Malam yana zaune a bayansu, sukundireba a hannunsa.

"Goma na sayo," ya ce. "Kin ce min saura ɗaya."

Na ajiye jakata.

"Me nake ci wata biyu?"

"Abinci."

"Wane abinci?"

"Shinkafa ce a ciki. Da alkama. Kunun ma da dabino." Tunda asiri ya tonu sai na ji tsoro ya bar ni, haushin ya dawo sabo. "Ka tambayi Hajiya dalili. Kai ka taɓa tsayawa a shagon matar nan ana auna wuyan mijinka da ido? Ka taɓa ji an ce maka akwai masu iyawa? Na roƙe ka ka yi magana, ka ce min tsufa ne."

"Kina kallona ina huda yatsa."

"Kai ma kana kallona ana cin mutuncina."

"Kina shafa min man zafi a gwiwa," ya ce. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Kin san dalilin da ya sa nake ƙara hawan, kina zaune kina murza min."

 Na so ya yi ihu, ya fasa kwano, ya ce in tafi gidanmu, in samu abin da zan rama da shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya mayar da tukwanen, ya ƙarasa ɗaure murfin kabad ɗin, ya gwada shi sau biyu. Sannan ya ɗauki ƙaramar tukunyar da nake dafa ƙwai a ciki, ya yage leda ɗaya ta acha, ya kunna murhu. Ina tsaye ya yi talge, ya zuba gari da yawa, tuwon ya yi gudaji kamar tsakuwa. Na miƙa hannu in karɓi muciyar, ya janye ta. A tsaye ya cinye shi da kuɓewar da ya kaɗa da ruwa da gishiri.

Bai sake ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba, yara ma bai gaya musu ba. Ya koma tasi. Bayan mako biyu ya ɗauko sandunansa daga bayan ƙofa ya koma matakala, kafin ya fita aiki. Ya rame fiye da da, ramar gaske, har wandonsa sai da aka rage. Juma'ar da Hajiya ta sake cewa a ba ni waya, bai ba ni ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, minti biyar ya fito, daga ranar ba ta ƙara ta da zancen ba. Ashe dama ana iya yi mata magana ta ji. Minti biyar. Da ya yi su a watan Maris da ba mu zo nan ba, kuma wannan haushin ina riƙe da shi, ba zan ɓoye ba. Nawa laifin ya fi girma, na sani, amma shi ma yana da nasa.

Daga baya an sassauta dokar masu allura, ya sake samun takarda, sai dai gurbinsa ya tafi. Wani wurin ya samu can nesa, sai ya hau jirgin ƙasa biyu kafin ya isa inda bas ɗin take. Allurar kuwa tana nan a ƙofar firji, kullum da safe ya ɗaga riga ya soka a cikin da babu komai a kansa yanzu sai fata.

Abin da na guda shi ya same ni, kuma ya fi wanda na guda muni. Da kansa yake zuwa Fordham ya sayo acharsa. Shi ya tsaya gaban mai shagon nan, gaban majalisarta, ya tambaye ta yadda ake tuƙa tuwo kada ya yi gudaji. Ta koya masa. Bai ce mata komai a kaina ba, ita ma ba ta buƙaci a ce mata ba. Yanzu in na shiga shagon babu mai tambayata lafiyar maigida, sai a bi ni da sannu.

Na gwada sau ɗaya, kusan shekara guda bayan nan. Ranar Juma'a ce, ya dawo daga masallaci. Na ce ya zo kicin ya tsaya. Na ɗauko sabuwar leda na yage ta a gabansa, na nuna masa tukunya babu komai a ciki, na tuƙa yana kallo tun daga talge har kwashewa. Tuwon ya yi laushi, ya yi kyau, ban taɓa tuƙa irinsa ba. Na sa a kwanonsa na da, na ajiye masa a tebur.

"Sannu da aiki," ya ce. "A ba yara."

Ya miƙa hannu ta gefena ya ɗauko ƙaramar tukunyarsa. Yaran suka ci suna ƙorafi da Turanci wai ba shi da ɗanɗano, sauran na zuba a roba na tafi da shi aiki washegari. Muna nan a gida ɗaya, muna gaisawa, muna shawara a kan makarantar yara, in ba ni da lafiya shi ke kai ni asibiti. Amma tun ranar Talatar nan lomar tuwona ba ta sake shiga bakinsa ba. Tukunyar ma da kansa yake wanke abarsa, ya kife ta a gefe guda.